Yadda Ake Hana Ɓera Shiga Gida a Lokacin Hunturu

Da zarar an gama kaka, an kai gero da dawa gida, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka ji gida-gida ana kuka da abu ɗaya: ɓeraye sun hana barci. Cikin dare ka ji ana tsere a silin, da safe uwargida ta tarar an huda buhun masara, an gwaguyi sabulu, an ja kan kifi an kai bayan kabad. Mutane kan ce sanyi ne ya koro su. Da gaskiyarsu, sai dai sanyin ba shi kaɗai ba ne. Da damina daji cike yake da abinci da maɓoya. Bayan girbi kuwa gona ta zama fili fetal, an kwashe kara, shanu sun kiwace saura, sannan an bi ciyawa da wuta. Hatsin da ɓera yake ci a gona yanzu yana sitonka da rumbunka, shi ma sai ya biyo sawu. In ya zo ya sami ɗumi da tsummokaran yin sheƙa, to ya sami gida.

Abin da yawancinmu muke yi shi ne a aiki yaro kasuwa ya sayo shinkafar ɓera a barbaɗa a lungu. Kwana biyu a kwashi mushe uku ko huɗu, ɗaya ya mutu a silin ya dami gida da ɗoyi, a sami sauƙin mako biyu, sai a koma gidan jiya. Dalili a fili yake. Abincin da ya kawo na farkon yana nan, ramin da suka bi suka shigo yana nan, waɗanda aka kashe gurbi kawai suka bar wa na waje. A ƙasar Gini, a ƙauyukan yankin Faranah, masu bincike sun yi shekaru suna sa guba a gidajen mutane sau ɗaya a shekara da rani. Ɓerayen sukan ragu ƙwarai, amma cikin 'yan watanni sai su sake cika gidajen. Saboda haka a bi aikin daki-daki: a gano hanyarsu, a ɗauke musu abinci, a toshe ƙofofinsu, a ɗana tarko. Guba, in ma ta zama dole, ita ce ta ƙarshe.

Kuma kada a yi jinkiri. Cikin ɓera mako 3 ne kacal, 'ya'yan kuma kafin wata 3 sun isa haihuwa. Akwai wani na daji mai yawan nonuwa, wanda masana ke kira Mastomys, da kan zuba 'ya'ya 10 ko fiye a haihuwa ɗaya. Shi ne mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Shi ba ta yi masa komai, yana yawo da ita yana zubarwa cikin fitsari da kashi a kan abinci da kwanuka da tabarmi. Cutar ta fi tashi a Najeriya daga wajen Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da ɓeraye ke tururuwa cikin gidaje, kuma Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da suka fi shan fama da ita. Cikin duhu ba mai tsayawa ƙirga nonon ɓera, don haka kowanne ka gani a gida ka ɗauke shi a matsayin mai cuta.

Mataki na farko: gano ta inda suke bi

Ɓera ba ya son tsakiyar fili. Jikin bango yake bi, yana goga gashin bakinsa, kuma hanyar da ya bi jiya ita zai bi yau. Wannan ɗabi'a ita ce za ta tona masa asiri.

Da magariba, bayan an gama kai-kawo, sai a barbaɗa toka mai laushi ko garin rogo siriri a gindin bangon kicin, da bakin ƙofar sito, da bakin rariya, da bayan buhuna. Da asuba a zo da tocila a duba. Za a ga sawun ƙafa, wani lokaci har da layin da wutsiya ta ja a tsakiya, kuma sawun zai nuna inda ya fito da inda ya nufa. Duk ramin da aka gani a daɓe ko a gindin katanga, a dunƙule takarda a cusa a bakinsa sama-sama. Wanda aka wayi gari an ture takardarsa, da mai shi a ciki. Wanda ya kwana biyu takardarsa ba ta motsa ba, tsohon rami ne.

Kashin ma yana ba da labari. Ƙanana masu tsini kamar ƙwayar shinkafa na ƙaramin ɓera ne. Manya masu tsawon da ya kai santimita 1 zuwa 2 na babba ne, kuma wannan bambanci zai yi amfani in an zo sayen tarko. Sabon kashi baƙi ne mai sheƙi, tsoho kuwa ya yi fari-fari ya bushe. A ɗaga kai a duba saman bango da azara da katakon rufi: inda ɓera ya daɗe yana bi za a ga wani baƙin maiƙo ya kwanta, dauɗar jikinsa ce. A leƙa ƙarƙashin gado, da bayan firij inda injin ke ba da ɗumi, da cikin akwatunan tsofaffin kaya, da kwalayen takardun makaranta. Mai janareta ko motar da ta daɗe a ajiye ya buɗe ya duba, don suna son kwana a nan, kuma waya suke fara ci. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, shi ya sa kullum yake cikin gwaguya, ko abin ci ne ko ba na ci ba.

Wani abu guda: jaɓa ba ɓera ba ce. Mai dogon bakin nan da wari da tsuwa ƙwari take ci, kyankyasai da gyare, ba hatsi ba. Ba a son ta a kicin, amma ba ita ke huda buhu ba.

Mataki na biyu: a ɗauke musu abinci

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci, domin aiki ne na kullum ba na rana ɗaya ba.

A fara da abincin da ake taɓawa kullum: garin tuwo, shinkafa, wake, taliya, gyaɗa, busasshen kifi, kuka, kuɓewa, daddawa, sukari. Leda da kwali da ƙwarya da buhu duk ba sa tare ɓera. Abin da ke tare shi ƙarfe ne, da gilashi, da roba mai kauri wadda murfinta ke kamawa gam. Bokitin fenti da aka wanke tas aka shanya yana ɗaukar gari mai yawa, kuma murfinsa na rufuwa sosai. Manyan gwangwanayen madara, kwalaben da bakinsu ke da faɗi, tsohuwar tukunyar ƙarfe mai murfi, duk suna yi. Wanda ya sayi hatsin shekara, duro na ƙarfe ko na roba mai murfi da zobe ya fi masa komai, muddin ya tabbatar ba a taɓa zuba mai ko wani sinadari a ciki ba.

In hatsin ya yi yawa dole ya zauna a buhu, to kada buhu ya taɓa ƙasa, kada kuma ya jingina da bango. A sa kafinta ya haɗa dandamali na katako mai tsayin kamar ƙafa ɗaya, a jera buhuna a kai, a bar tazarar da mutum zai iya ratsawa tsakaninsu da bango. Amfanin tazarar biyu ne: ɓera bai sami lungun ɓuya ba, kai kuma kana iya zagayawa da tocila ka ga ɓarna tun tana ƙarama. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda manoman wake suka sani, yana hana ƙwari, yana kuma rage ƙanshin da ke kiran ɓera, amma haƙori na huda shi, kuma da ya hudu amfaninsa ya ƙare. Shi ma a ɗora shi a kan dandamali. Duk ƙwayar da ta zube wurin awo a share ta nan take. Ƙaramin ɓera abin da yake ci a yini bai wuce giram 3 ba, ka ga abin da ya zube daga bakin mudu ɗaya ya ishe shi kwanaki.

Sai abincin dare. Tuwon da za a ɗumama da safe, in an rufe shi da faifai an bar shi a tsakar gida, an yi wa ɓera walima. A sa shi a tukunya mai murfin ƙarfe, a ɗora dutse ko turmi ƙarami a kai, ko a sa a kula a rufe. Wanke-wanke kada ya kwana. Na san da sanyin hunturu ba mai son taɓa ruwa bayan isha'i, amma kwanukan da suka kwana da miya su ne ɓera ke lashewa yana fitsari a ciki, da safe kuma yaro ya ɗauki ɗaya ya ɗauraye sama-sama ya sha koko. A ɗumama ruwa a wanke da daddare, a kife su a kwando a sama. In ta kama dole su kwana, a tara su a babban daro a rufe da wani daron, da safe a wanke da sabulu sosai.

Randa da tulu da duron ruwa a rufe su da murfi mai nauyi, moɗa kuma a rataye ta ko a sa ta cikin abin da ke rufe. Da rani babban ɓera na neman ruwa kamar yadda yake neman abinci, saboda haka famfon da ke ɗiga da ruwan da ke kwanciya a bakin rariya su ma kira ne.

Masu kiwo su ne suka fi shan wahala. Dusa da ƙaiƙayi da kowar wake da abincin kaji su shiga duro. A riƙa ba dabbobi daidai abin da za su cinye kafin duhu, ragowar a kwashe. Akurkin da ake barin tsaba a ciki ya kwana, ko gidan tantabaru, ba ya rabuwa da ɓera, har ƙwai da 'yan tsaki yake ɗauka.

Shanya kuma a daina yin ta a ƙasa. Barkono, kuɓewa, rogo, masarar da aka surfa, duk abin da aka baza a bakin titi ko a kan siminti aka bari ya kwana, ɓera ya bi ta kai. A shanya a kan tebur ko rumfa, a kwashe kafin magariba.

Mataki na uku: a toshe ƙofofinsu

Ga ma'aunin da za a riƙe: duk kafar da fensir zai shiga, wato kamar milimita 6, ƙaramin ɓera na iya kutsawa. Wadda babban yatsa zai shiga kuwa, babba zai wuce. In kansa ya shiga, sauran jikin zai bi. Saboda haka a ɗauki fensir na gaske a zagaya gida da shi, ciki da waje. Da rana ma ana iya shiga ɗaki a rufe ƙofa da taga, duk inda haske ya ratso ƙofa ce.

Ƙarƙashin ƙyaure ne babbar hanya, kuma ita aka fi mantawa, ana can ana neman rami. Ƙofar ƙarfe a kira mai walda ya ƙara mata falle a ƙasa har ta kusa shafar daɓe. Ta katako kuwa, wadda sau da yawa za ka ga an gwaguye kusurwarta, a yanko fallen kwano mai faɗin kamar ƙafa ɗaya a naɗe gindinta a buga da ƙusa. In daɓen ne ya zaizaye, birkila ya ɗaga dokin ƙofa da siminti. Tsumma da ake cusawa a ƙarƙashin ƙofa don ƙura yana tare ƙura, amma ga ɓera kayan shimfiɗa ne.

Sai rariya. Kusan kowane gida a birni ruwan wankansa da na wanke-wanke ta rariya yake fita zuwa kwata, kuma ta nan manyan ɓerayen kwata suke shigowa. A sayo ragar waya mai kauri wadda idonta bai wuce milimita 6 ba, a yanka, a kafa ta a bakin rariya da siminti ta waje. Ragar sauro ba ta yi, ko ta roba ko ta siririyar waya, a dare ɗaya ake yaga ta. Tun da raga za ta riƙa tare datti, sai a riƙa share bakinta kullum, in ba haka ba ruwa ya kwanta a tsakar gida mutanen gida su gaji su cire ta. Masai a yi masa murfi mai nauyi, bututun iskar da ke fita daga shadda kuma a ɗaure masa raga a sama.

Inda fayif ko wayar lantarki ko ta dish ta ratsa bango, galibi ma'aikaci ya fasa rami ya wuce abinsa. A cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a matse shi sosai da tsinke, sannan a shafe da siminti. Soson shi kaɗai yakan yi tsatsa ko a jawo shi, simintin shi kaɗai kuma in bai bushe ba ana tone shi, amma in an haɗa su ba ya wucewa. Kusa da wayar lantarki dai a kashe wuta tukuna, kuma kada soson ya taɓa wayar da ta feɗe.

Gidan ƙasa aikinsa ya fi yawa, domin ɓera na haƙa sabon rami a gefen wanda aka toshe. In aka yaɓe da laka zalla, kwana biyu ya buɗe. A fara ɗura ramin da tsakuwa da fasassun kwalabe, a danna da taɓarya har ya cika, sannan a kwaɓa siminti da yashi a rufe bakin. A sa safar hannu wurin kwalaben, kuma kada a bar tsini a waje inda yara ke rarrafe. Wanda yake da hali, ko bai iya yi wa gida duka ba, ya yi wa ɗakin ajiya da kicin daɓen siminti, ya kuma shafe gindin bangon da siminti kamar ƙafa biyu daga ƙasa. Kuɗin da zai kashe bai kai na buhunan da ake yi masa ɓarna duk shekara ba.

Daga nan sai sama. Tsakanin kan bango da kwanon rufi akwai ƙofofi a jere saboda lanƙwasar kwano, kuma baƙin ɓeran nan mai doguwar wutsiya gwanin hawa ne, ta nan yake shiga silin. A cike su da siminti ko a bi su da raga. Reshen darbejiya ko mangwaro da ya kwanto kan rufi a sare shi, a bar tazarar mita 1 ko fiye. Itace ko kara ko tsani da aka jingina da bango shi ma matakala ce.

Rumbu kuwa, magabata da suka ɗora shi a kan duwatsu sun san abin da suke yi. A tabbatar ƙarƙashinsa a share yake, ana hango wancan gefe, ba a cusa tarkace ba. Rumbun da ke kan ƙafafun itace a yanka kwano a yi wa kowace ƙafa hula mai kama da mazurari a kife, bakinta na kallon ƙasa, a tsayin da ya kusa mita 1, yadda in ɓera ya hau zai ci karo da ita ya dawo. A duba murfin sama ko ya zauna daidai.

Ramin da aka tabbatar akwai mai shi a ciki, wanda kuma yake cikin ɗaki, a fara ɗana tarko a bakinsa kwana biyu kafin a toshe, don kada ya mutu a ciki ko ya ɓullo ta wani wuri.

Mataki na huɗu: tarko

Yanzu da aka rufe abinci, yunwa za ta yi maka rabin aikin. Tarkon ƙarfe mai maƙata, irin na maƙera ko na kanti, shi ya fi, domin yana kashewa nan take kuma kana ganin abin da ka kama. A sayi daidai girman ɓeran: ƙaramin tarko ba ya riƙe babba, babban tarko kuma ƙaramin ɓera na cinye abincinsa ya tafi bai tashi ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen tarko ɗaya. A sayi 6 ko 10 a ɗana su dare ɗaya, domin kamun daren farko ya fi na kowane dare. A ajiye su a hanyoyin da toka ta nuna, a gicciye, bakin da ke da abinci yana fuskantar bango har ya kusa taɓa shi, yadda ko ta dama ɓera ya taho ko ta hagu sai ya bi ta kai. Ƙaramin ɓera ba ya nisa da sheƙarsa, don haka a jera masa tarko kowane taku 2 zuwa 3. Na silin a ɗora masa a kan katako a ɗaure tarkon da waya, kada ya ja shi ya faɗa inda hannu ba ya kai.

Abin ɗanawa ya zama mai ƙanshi kuma mai kamawa: tunkuza, ƙuli-ƙuli da aka jiƙa, kan busasshen kifi, ɗan kitsen suya, daddawa. Kaɗan ake sawa, kamar ƙwayar wake, a danna shi sosai ko a ɗaure da zare, yadda sai ya ja kafin ya samu.

Babban ɓera yana da tsoron sabon abu. In ya ga abin da bai saba gani ba a hanyarsa, yakan yi kwanaki yana kewaye shi. Maganin wannan shi ne a ajiye tarkon da abinci a kai amma ba a ɗana ba, dare 2 ko 3. In aka ga ya fara cinyewa ya saki jiki, ran nan sai a ɗana duka. Wanda tarko ya kuskure sau ɗaya da wuya ya sake kusantarsa, shi ya sa haƙurin nan yake da riba. A gidan da ke da yara ko kaji, a ɗana bayan sun kwanta a kwashe da asuba, ko a kifa kwali a kai a huda masa ƙofa biyu.

Gam ɗin da ake shimfiɗawa a kwali ban cika son sa ba. Ƙurar hunturu na kashe danƙonsa cikin kwana ɗaya ko biyu, yana kama ƙadangare da 'yan tsaki, ɓeran da ya kama kuma yana nan da rai yana ta fitsari da kashi don tsoro, ga shi dole wani ya zo ya ɗauka da hannu. Kyanwa tana taimakawa wurin ƙanana, amma ba ta toshe rami, kuma sau da yawa ba ta tunkarar manyan na kwata. In ana kiwonta a hana ta kawo abin da ta kama cikin ɗaki.

Maganar guba

In an yi duk wannan har mako biyu ana ganin sabon kashi, sannan a yi tunanin guba, kuma a saya a shagon kayan noma mai rajista, a cikin fakitinta mai rubutu da lambar NAFDAC. Ƙullin leda marar suna da ake talla a tasha, ba ka san abin da ke ciki ba, likita ma ba zai sani ba in tsautsayi ya faru.

Iri biyu aka fi samu. Akwai mai kashewa cikin sa'o'i, irin baƙin garin nan mai warin tafarnuwa, wanda ba shi da makari in mutum ya ci, kuma ɓeran da ya ɗanɗana bai mutu ba ba ya sake ci. Akwai mai tsinka jini, wadda ke ɗaukar kwanaki kafin ta kashe. Ita ɓera ba ya gane ta, kuma asibiti na da makarinta, sinadarin bitamin K. Ta biyun ta fi dacewa da gida. Kowacce ce dai, ba a barbaza ta a fili, ba a zuba ta a murfin kwano ko faranti. A sa ta cikin guntun fayif mai tsawon kamu biyu, a kwantar a gindin bango a danne da bulo, nesa da kicin da hatsi da inda yara ke wasa. Shinkafar ɓera kama take da abinci, yaro mai rarrafe ba ya bambancewa. A riƙa zagayawa kullum ana tsince mushe kafin kyanwa ko kare ko kaza su ci.

Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa buhunan hatsi a manyan sito kada a kuskura a jefa ta ramin ɓera a cikin gida ko a ɗakin da ke manne da na kwana. Iska mai guba take fitarwa, tana ratsa bango da silin, kuma ta sha kashe mutane suna barci.

In yaro ya ci guba, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi da fakitin a nufi asibiti, ko da ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, domin mai tsinka jinin ba ta nuna alama a ranar.

Yadda ake kwashe kashi da mushe

Nan ne uwargida da 'yan mata masu shara suke cikin haɗari. Busasshen kashin ɓera in aka bi shi da tsintsiya, ƙurarsa tashi take a shaƙa, kuma ana ɗaukar cuta ta haka. A buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa kamar rabin awa. A haɗa ruwan bilic, irin Hypo ko Jik, kofi 1 da ruwa kofi 9. A ɗaura takunkumi, a sa safar roba, in babu a zura hannu cikin leda biyu. A yayyafa ruwan a kan kashin da sheƙar har su jiƙe sharkaf, a bar su minti 5, sannan a kwashe da takarda ko tsumman da za a yar, a goge wurin da sauran ruwan. Ba a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, kuma kullum sabo ake haɗawa.

Mushe ma haka: a jiƙa shi da tarkon gaba ɗaya, a saki maƙatar ya faɗa cikin leda, a ƙulle, a sa a wata ledar, a binne a rami mai zurfin da kare ba zai tone ba, ko a ƙone. Kada a jefa shi kan titi ko bayan katanga, kada kuma a ba yara su ɗauka ta wutsiya. A wanke hannu da sabulu bayan an cire safar. Dafaffen abincin da aka ga alamar ɓera ya taɓa a zubar, ba a yanke gefen a ci saura. Garin kwaki da ƙuli da duk abin da ake ci ba a dafa ba, su ma haka.

Bayan gida da maƙwabta

A nome ciyawar da ke kewaye da katanga a bar fili tsirara. Itacen girki da kara da harawa a ɗaga su a kan dandamali nesa da bangon ɗaki. Tsofaffin tayoyi, fasassun bulo, mataccen firij, a rabu da su. Shara a zuba a abin da ke da murfi a fitar kullum. Samari masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya da ɓera a ja musu kunne: suna koro na dajin cikin gari, kuma kamawa da feɗe ɓera da hannu hanya ce ta ɗaukar Lassa kai tsaye.

Babban ɓera na yin tafiyar mita 30 zuwa 50 a dare don neman abinci, wato gidanka da na maƙwabta uku ko huɗu duk kiwonsa ne. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda silin ɗaya ne ya ratsa kowane ɗaki, mutum ɗaya ba zai iya ba. A zauna da mai gidan da sauran 'yan haya a sa rana ɗaya, kowa ya fitar da kayansa, a toshe, a ɗana tarko dare guda. A unguwa kuma a yi wa mai unguwa magana a yi gayyar kwashe bola da yashe kwata, tun kafin sanyi ya kankama.

Bayan an ga sauƙi, a ci gaba da barbaɗa toka sau ɗaya a mako har zafi ya shigo, a bar tarko biyu a ɗane a sito, a riƙa duba ragar rariya da gindin ƙofa, don siminti na fashewa kuma kwano na ɓanɓarewa.

Wanda ɓera ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar tetanus. Zazzaɓin Lassa kuwa yakan bayyana cikin kwana 6 zuwa 21 bayan an ɗauka, kuma da farko kama yake da maleriya ko taifot: zafin jiki, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, amai ko gudawa. Kumburin fuska da zubar jini sai daga baya suke zuwa, kuma ba kowa ke yin su ba, don haka kada a jira su. Duk zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana 2 zuwa 3 bai sauka ba, musamman ga mai juna biyu, a tafi asibiti, a kuma gaya wa likita cewa akwai ɓeraye a gidan. Maganin Lassa ya fi aiki in an fara shi a kwanakin farko. Mai jinya ya guji taɓa jini da amai da fitsarin marar lafiya da hannu tsirara, a ware masa kofi da cokali. A Najeriya ana kiran hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa kyauta a lamba 6232.